Ƙarfina yana ƙarewa a kilomita 16, ina matsalar take?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riga mu. Burina in kammala kilomita 21 ba tare da na tsaya ba, in Allah ya yarda wata shekara in gwada gudun fanfalaki na Legas. Ranar Asabar nake dogon gudu. Ina tashi daga Jekadafari a nan Gombe bayan sallar asuba, in hau hanyar Bauchi, in wuce Tumfure, in juyo. Farkon tafiya lafiya ƙalau, Strava, manhajar auna gudu a waya, tana nuna min minti 5 da daƙiƙa 20 a kowace kilomita. Amma da na kai wajen 16 sai ƙafa ta ƙi, jiri ya kama ni, gumi mai sanyi ya karyo, dole in tare Keke. Ba na cin komai kafin in fita, ruwan leda ɗaya kawai. Sauran ranaku ina yin kilomita 5 zuwa 6 a wannan saurin kuma ba matsala. Nauyina kilo 72. Me ya kamata in gyara?

Ɗan Bolari: Wa'alaikumus salam. Ka gyara kuɗin Keke, ka riƙa fita da canji 😂

Koci: Baban Khalifa, kafin a fara jero maka magunguna mu yi lissafi. Kilomita 16 a saurin da ka faɗa awa ɗaya ne da minti 25. Ka riƙe wannan lokacin, ya fi lambar 16 muhimmanci. Jiki yana ajiye sukari a tsoka da hanta, gaba ɗaya wajen giram 400 zuwa 500 ga babban mutum, kuma wanda yake gudu da ƙarfi yakan cinye mai amfanin cikin awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Na hanta kuma yana raguwa sosai cikin dare kana barci, shi ne mai riƙe sukarin jini. Kai ka tashi hanta ta rage, ba ka saka komai ba, ka kuma ɗauki hawan Tumfure da saurin gudun kilomita 5. Jirin da sanyin gumin daga nan suke. Amma ni a ganina babbar matsalarka sauri ce. Dogon gudu da gajere ba a yi musu taki ɗaya.

Ardo: Koci da girmanka, ni ban yarda da zancen ƙarewar sukarin nan ba. Yaranmu suna kora shanu daga hantsi har magariba, fura kawai suka sha, ba wanda ya taɓa tare Keke. Mutanen birni ne dai jikinku ya yi laushi.

Ba Modu: Ardo ya zo. Bafillace ai ko iska ya haɗiya ta ishe shi wuni, ina ya ga naman da zai ɗauka? Ka bar masu jiki su yi magana.

Ardo: Babarbare, kai da ko masallacin unguwa sai a mashin, me ya kawo ka zauren masu gudu?

Koci: Ku bari mu sha iska. Ardo, maganarka gaskiya ce, amma mai kiwo tafiya yake yi. A tafiyar ƙafa yawancin abin da jiki ke ƙonawa kitse ne, kuma ko siririn mutum yana da kitsen da zai kai shi nesa ƙwarai. Da ka ƙara sauri sai jiki ya koma kan sukari. Kitse gawayi ne, yana daɗewa amma ba ya tashi da wuri, sukari kuwa kara ne, fuu ya ci ya mutu. Ka sa yaron nan ya bi shanun da gudu minti 5 a kilomita, ka ga ko zai kai azahar. Amfanin dogon gudu a hankali shi ne a koya wa jiki dogaro da kitse, ya riƙa tattalin sukarin.

Sadiq GSU: Tambaya Koci. Na karanta cewa a kilomita 30 zuwa sama ne masu gudun fanfalaki ke ƙarewa. Me ya sa shi tun 16?

Koci: Saboda jiki ba kilomita yake ƙirgawa ba, lokaci da wahala yake ji. Eliud Kipchoge na Kenya da ya yi kilomita 42.195 cikin 1:59:40 a Biyana ta ƙasar Ostiriya a watan Oktoba 2019, yana cin kilomita ɗaya a kusan minti 2 da daƙiƙa 50. Wato a mintunan da Baban Khalifa ya kai 16, shi ya kai 30. Kuma duk ƙwarewarsa bai yi da ciki wayam ba, masu keke ne ke bin sa suna miƙa masa gorar abin sha, yana daga cikin dalilan da ba a saka gudun a kundin tarihi na hukuma ba. Su kuma talakawan masu gudu da ke kai 30 kafin su ƙare, sun ci sun ƙoshi kwana biyu kafin ranar, sun karya da safe, suna kuma ci a hanya.

Maman Ilham: Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ɗan saɓa da Koci. Na yarda saurin ya yi yawa, amma ko ya rage, mutum ya yi awa biyu a kan kwalta a garin nan da ruwan leda ɗaya ganganci ne. Baban Khalifa, ka gwada wannan: ka hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo, bayan ka cire rigar da ta jiƙe. Duk kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa ta fita. A zafin Maris da Afrilu mutum yana iya zubar da lita ɗaya zuwa biyu a awa. Ledar ruwa kuma rabin lita ce. Ka yi lissafin da kanka.

Sannan kafin mu ɗora komai a kan yunwa, don Allah ka je a auna hawan jini da sukari, a duba yawan jini. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar kwanan nan jininsa kan yi ƙasa, gudu ya gagare shi ya rasa dalili. Kuma idan jirin yana zuwa da ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ya rikice, ko ka taɓa suma, wannan ya wuce shawarar zaure, likita za ka gani.

Baban Khalifa: Na gode Hajiya. Babu ciwon ƙirji, alhamdulillah, kuma an auna ni watan jiya komai daidai. Sikelin ne ban taɓa gwadawa ba.

Baba Soja: Yara kuna wahalar da kanku. Mu a bariki ƙarfe biyar ake tashin mu, da takalmin soja, ba shayi ba dabino, ana waƙa ana tafiya. Wanda ya saba wa cikinsa da ci a hanya ba zai taɓa ƙarfi ba. Ɗana, ka daure kawai, jiki zai saba.

Koci: Allah ya ƙara girma Baba. Akwai abin ɗauka a maganarka da kai ma ba ka lura ba: kuna waƙa. Wanda yake iya waƙa yana gudu, a hankali yake tafiya. Shi ne ma'aunin da nake ba kowa, in ba za ka iya faɗin jimla cikakkiya ba tare da haki ya katse ka ba, ka yi sauri. Gudun da bai kai awa ɗaya ba a yi shi da ciki wayam, ba laifi. Wanda ya doshi awa biyu kuwa daurewa ba ta ƙara sukari a jini.

Baba Soja: To na ji. Amma dai waƙar ta fi wayar da kuke ɗaurawa a damtse.

Injiniya: Tunda Baba ya taɓo waya bari in shigo. Baban Khalifa, ka turo hoton taswirar gudunka.

Baban Khalifa: Ga shi nan na turo.

Injiniya: Yawwa. Ka buɗe shi sosai ka dubi farkon layin. Ka ga yadda ya yi ta karkace-karkace a cikin unguwa, har ya ratsa ta kan gidajen mutane? Ka danna farawa kafin wayar ta kama taurarin ɗan'adam da kyau. Kowace karkata ƙarin mita ce da ba ka taka ba. Sannan ka dubi wajen dawowa, akwai inda layin ya miƙe sambal ya yanke kwana. Nan wayar ce ta kashe manhajar don tattalin batir, da ta farka sai ta haɗa wuri biyun da layi ɗaya. Wato a wani wuri ta ƙara maka, a wani ta rage.

Gyaran ba wuya. Ka shiga saitin batir ka cire Strava daga manhajojin da ake taƙaitawa, ka ba ta izinin ganin wuri a kowane lokaci, kada ka kunna tattalin batir ranar dogon gudu. Ka tsaya a fili kamar minti ɗaya kafin ka danna. Ba sai da data ba, na'urar gano wuri daga sama take karɓar saƙo, data sai lokacin ɗora gudun. Kuma ka daina kallon saurin da take nunawa nan take, wannan lambar rawa take yi. Ka jira ƙarshen kowace kilomita.

Sadiq GSU: Ni na gwada tawa a filin wasa, zagaye 25 ta ba ni kusan 10 da rabi. Wanne zan yarda da shi?

Injiniya: Filin. Layin gudu na ƙa'ida mita 400 ne a layin ciki, zagaye 25 kilomita 10 cif. Sai dai ka tabbata a layin ciki ka yi, don na takwas ya haura mita 450. Waya ta fi ruɗewa a wurin da ake ta kwana, a miƙaƙƙiyar hanya kamar ta Dukku ko ta Biu ta fi yin daidai. In kana son sanin ainihin saurinka, je fili da agogo kawai ka bar waya a jaka.

Wani abin da Baban Khalifa bai duba ba shi ne zanen hawa da gangara da ke ƙasan taswirar. Garin Gombe a cikin kwari yake, duk wanda ya shigo daga Bauchi ya san gangarowa ake yi. To rabin farko na hanyarsa hawa ne, yana kuma tilasta wa kansa lambar da ya saba gani a shimfiɗaɗɗen wuri. A dawowa gangara tana dukan cinya. Ka bar lambar ta lalace a kan tudu, ba wanda zai kama ka.

Ɗan Bolari: Akwai mai kama shi. Mu da muke danna masa yatsa a Strava. Ranar da muka ga minti 7 sai mun tambaya ko jana'iza ya raka.

Koci: Ɗan Bolari wasa yake yi amma ya faɗi ciwon. Rabin mutanen zauren nan don allon waya suke gudu. Kowace fita sai an nuna bajinta, jiki ba ya samun ranar hutu. 'Yan Kenya na garin Iten, masu atisaye a tudun da ya kai mita 2,400, gudunsu na hutu sukan fara shi a hankali ƙwarai, abincinsu kuma tuwon masara ne da ganye da shayi mai madara. Namu na Filato, da suka saba ɗaukar kyautar 'yan gida a gudun Legas tun da aka fara shi a 2016, ba agogo mai tsada ya kai su ba. Tsarin da masu horarwa suka fi bi shi ne wajen kashi 80 na gudun mako ya zama mai sauƙi. Baban Khalifa, Asabar mai zuwa ka yi tsakanin minti 6 da rabi zuwa 7. Za ka ji kamar kana ɓata lokaci. Ka ɓata.

Baban Khalifa: To me zan ci, kuma yaushe? Daga masallaci nake wucewa, ba zan tashi ƙarfe uku don in ci tuwo ba.

Maman Ilham: Ba sai ka tashi ba. Aikin daga daren Juma'a yake farawa: tuwon shinkafa, ko shinkafa, ko dankali, ko taliya, ka ci ka ƙoshi, a rage mai da yaji. Da ka farka, kafin alwala, ayaba ɗaya da rabin kofin koko mara kauri ko shayi da sukari. Kafin a idar da salla ka ɗaura takalmi ya ɗan sauka. Ƙosai, wake, alale, duk a bar su sai an dawo.

Ardo: Fura da nono fa?

Maman Ilham: Bayan an dawo, Ardo, nan ba ta da na biyu. Kafin fita kuwa hanyar Bauchi ba ta da banɗaki.

Koci: A hanya kuma, abin da ake ba da shawara ga gudun da ya wuce awa ɗaya da kwata shi ne giram 30 zuwa 60 na abin zaƙi a kowace awa. Ayaba matsakaiciya tana da wajen 25. Cokalin cin abinci na zuma wajen 17. Ƙaramin dabino irin wanda muke buɗa baki da shi wajen 5 zuwa 6, ka ga shida a awa sun kai ka ƙaramin ma'aunin. Kada ka jira sai ka ji yunwa. Ka fara a minti na 40, biyu-biyu duk bayan minti 20, kana bi da kurɓin ruwa.

Ɗan Bolari: Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ku kuma kun haɗa shi da tauna dabino. Allah ya kyauta.

Hauwa'u T/Wada: Ana haɗawa, in an shirya shi tun dare. Busasshen dabinon nan na Nijar ba ya taunuwa kana haki, sai ya tsaya maka a wuya. Ni nakan cire ƙwallon, in yayyafa ruwa kaɗan in rufe a kofi ya kwana, da safe ya yi laushi. In raba shi ƙulli-ƙulli a farar leda, kowane ƙulli biyu, in maƙale da fil a cikin aljihu don kada ya riƙa tsalle. Zuma kuma in ƙulla ta irin ƙullin man gyaɗa, in ciji gefe in tsotse. Mazarƙwaila ma tana yi, gutsure kaɗan a kunci ya narke da kansa. Ledar a mayar aljihu don Allah, kwatocinmu sun ishe su.

Batun hanya kuma, ni ban ga dalilin miƙewa nesa ba. Mu mata ba ma yin haka. Muna da zagaye na kilomita 4 a cikin GRA, ruwanmu yana mota, duk zagaye mu kurɓa. In jiki ya ƙi, ba ka fi kilomita 2 da motarka ba. Da gundura, na sani, amma ba tirela ba karnuka.

Injiniya: Anti Hauwa ta tuna min. Duk mai fara gudu daga ƙofar gida, taswirarsa tana nuna gidansa da lokacin da yake fita. A Janairun 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta hanyoyin masu amfani da ita ta fallasa sansanonin sojan Amurka a Siriya da Afganistan, saboda sojojin suna zagaye da agogo a hannu. Akwai wurin ɓoye farko da ƙarshen hanya a saitin sirri, a kunna, a kuma bar gudu ga mabiyan da aka sani kawai. Waya a cikin jakar ƙugu ƙarƙashin riga. Da duhun asuba wasu lungunan ba a bin su da allo yana haske, kowa ya san zancen 'yan ƙalare, 'yan dabar garin nan.

Baba Soja: Kuma ku riƙa bin hannun da kuke fuskantar mota, ku gan ta tana zuwa. Riga mai haske. Direban tirela da ya kwana yana tuƙi ba ya ganin baƙar riga.

Sadiq GSU: Lemon ƙara kuzari na gwangwani fa? Wani abokina yana sha tare da maganin ciwon jiki kafin ya fita, ya ce ba ya jin komai.

Maman Ilham: Ka ce masa ya daina, yau ba gobe ba. Magunguna irin su ibuprofen da diclofenac suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ga rashin ruwa ga zafi, haɗuwar ukun tana iya taɓa ƙodar. Rashin jin ciwo kuma ba lafiya ba ce, ya kashe abin da zai gaya masa ya tsaya ne. Lemon ba haramun ba ne amma gas da yawan sinadarin hana barci suna tayar wa wasu ciki da zuciya. Mai son abin sha ya haɗa ruwan gishiri da sukari irin wanda muke koya wa iyaye: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a matsa lemon tsami don ɗanɗano. Kuma kada a koma ɗaya gefen a yi ta ɗura zallan ruwa ba ƙishirwa, yana tsinka gishirin jini, shi ma yana kai mutum asibiti. In ka dawo ka fi nauyin da ka fita da shi, ka sha fiye da kima.

Baban Khalifa: Jama'a ga rahoton Asabar. Ni da Sadiq da Injiniya muka fita. Minti 6 da daƙiƙa 45, dabino irin haɗin Anti Hauwa, mun bar ruwa wajen wani mai shayi a Tumfure muka ɗauka a dawowa. Na kai gida da ƙafata, ba jiri. Sikeli ya nuna kilo ɗaya da rabi sun tafi duk da ruwan da na sha. Sai dai ƙulli na uku ya ɗan murɗa min ciki, kuma wayoyinmu uku kowacce da abin da ta ce: tawa 18.3, ta Sadiq 17.9, ta Injiniya 18.0.

Koci: Madalla. Na ce sauri ne.

Maman Ilham: Ka ce dai. Dabino da ruwan fa, ado ne?

Injiniya: Ya canza abu uku a rana ɗaya, ba wanda zai iya cewa nasa ne ya yi aiki. Rubuta 18 kawai, na auna hanyar a Google Maps tun daren Juma'a.

Koci: Murɗawar ciki za ta ragu, hanji ma sabo yake yi, ka ƙara ruwa a kan kowane ƙulli. Kada kuma daɗi ya kwashe ka ka ce 21 mako mai zuwa. Ka maimaita 18, sannan ka sauko 12 ka huta, sannan 20. Azumi in ya zo a ajiye dogon gudu, a koma gajere bayan tarawihi.

Ardo: Asabar ina zuwa in gani da idona. Zan bi ku a mashin da jarkar ruwa, Ba Modu ya riƙe min ita a baya tunda abin da ya iya ke nan.

Ba Modu: Na yarda, amma man mashin a kanka. Ƙarfe nawa, kuma a ina?

Hauwa'u T/Wada: In akwai mashin mai ruwa mu ma mu uku za mu zo, amma mu a 10 za mu juya. A saka wurin haɗuwa a nan kafin daren Juma'a.